Daskararren Kastad: Abin da Na Rubuta Cikin Mako Shida

Asabar, 6 ga Satumba

Injin askirim ɗin da ƙanwata ta bar mini ya kai wata uku a saman kabad yana shan ƙura. Yau na sauko da shi na wanke. Irin mai kwano ne, wanda ke da ruwan sanyi a kulle tsakanin bangonsa biyu, sai ya kwana a firiza kafin ya yi aiki. Abin da na sa a gaba shi ne daskararren kastad, kuma na buɗe wannan littafin ne don in daina yaudarar kaina da "ai kamar haka na yi wancan karon". Duk abin da zai shiga tukunya sai ya hau sikeli, duk abin da ya hau sikeli sai ya shigo nan.

'Yata ta tambaye ni ko garin kastad na gwangwani za mu dama mu jefa a firiza. A'a. Wancan sitacin masara ne da kala da ƙamshi, babu ƙwai a cikinsa ko kaɗan. Wani mai haɗa magunguna a Birmingham ta Ingila, Alfred Bird, shi ya ƙirƙiro shi a 1837 saboda jikin matarsa ba ya karɓar ƙwai. Wanda nake nufi askirim ne mai gwaiduwa. A Amurka, inda abin ya yi suna, doka ce ta raba gardama: maiƙon madara kada ya gaza kashi 10 cikin ɗari, gwaiduwa kuma, in an cire ruwanta, kada ta gaza kashi 1.4 na nauyin abin. In bai kai haka ba, a kira shi askirim, amma ba kastad ba.

Na zauna na buga lissafi. Gwaiduwar babban ƙwai tana kai giram 18, kusan rabinta ruwa ne. Kilo ɗaya na haɗi yana buƙatar giram 14 na busasshiya, wato giram 28 na ɗanya, ko gwaiduwa biyu ba ta cika ba. Na yi mamaki, don masu yi a gida biyar ko shida suke fasawa. Da shida zan fara.

Haɗin farko: kirim mai kauri, mai maiƙo kashi 36, giram 400, madara giram 400, sukari giram 150, gwaiduwa 6, gishiri ɗan taɓawa. Maiƙon madara ya kama kusan kashi 15. Kwano ya shiga firiza da yamma.

Lahadi, 7 ga Satumba

Ya tsinke. Ba na son in rubuta, amma don irin wannan aka sayi littafin.

Kuskure biyu na yi, na biyun ma ya fi ciwo. Na fasa ƙwan, na ware gwaiduwa, na juye mata sukari a kai, na tafi ɗora madara ban kaɗa ba. Da na dawo bayan minti goma, sukarin ya tsotse ruwan saman gwaiduwar, ta yi wasu ƙananan gudaji masu tauri, launin ruwan lemo, maburgi bai iya fasa su ba. Na ce rariya za ta kama su, na ci gaba.

Sai na juye komai a tukunya, na bar wuta a matsakaici, na sa ma'aunin zafi a tsakiya. Yana nuna digiri 76 waya ta yi ƙara. Wallahi ban yi minti biyu ba. Ina juyowa na ga gefen tukunya yana ɓulɓulowa, na sa cokali na kankaro gindin, sai ga dagargazajjen ƙwai yana iyo a cikin ruwa tsululu. Ma'aunin yana cewa 84, amma tsakiya yake aunawa, gindin tukunya kuwa ya daɗe da wuce nan.

Gwaiduwa ita kaɗai tana kamawa tsakanin digiri 65 da 70. Madara da sukari su ke jan lokacin, su ɗaga shi zuwa sama da 80. Kaurin da ake nema yana wajen 82 zuwa 84, daga 85 kuma an shiga gonar haɗari. Tsakanin daidai da ɓarna taku biyu ne kawai, ni kuma a wannan takun na je amsa waya.

Na zuba shi a injin markaɗe ko zai dawo. Ya yi sumul a ido, amma ƙarnin ƙwai ya riga ya zauna. Maigida ya ɗanɗana, ya yi shiru, ya nemi ruwa. Asarar yau: ƙwai 6, kirim giram 400, madara giram 400. Kirim ɗin ne ya fi ba ni haushi, shi ya fi komai cin kuɗi a haɗin.

Talata, 9 ga Satumba

Dahuwa ta yi kyau yau. Na kaɗa gwaiduwa da sukari nan take har ta yi fari-fari. Na ɗebi madara mai zafi da ludayi, ina tsiyayawa a hankali ina kaɗawa, ludayi uku, don ƙwan ya saba da zafin kafin ya shiga tukunya. Wuta can ƙasa, cokalin katako yana share gindi ba tsayawa, waya a ɗaki. A digiri 82 na sauke. Na ja yatsa a bayan cokali, layin ya tsaya bai rufe ba. Na tace a rariya cikin kwanon da ke zaune a ruwan ƙanƙara.

Daga nan gaggawa ta karɓi aiki. Awa biyu kacal ya yi a firji, ma'auni yana nuna 14, na ce ai ya yi sanyi, na juye a inji. Minti 40 yana juyi, abin bai wuce kaurin miya ba, kwanon kuma ya gama sakin sanyinsa. Na kwashe na sa a firiza haka nan.

Laraba, 10 ga Satumba

Ƙanƙara ce mai ɗanɗanon kastad. Cokali yana shiga da ƙara, a baki kuma tsaki-tsaki. Abin da ya daskare a hankali ba tare da juyi ba, ƙwayoyin ƙanƙararsa manya suke fitowa, harshe kuma ba a ɓoye masa su. Daga yau haɗi sai ya kwana a firji, ya sauka digiri 4. Kwanan ba don sanyi kaɗai ba ne: maiƙon yana samun lokacin kamawa, shi ne kuma ke riƙe iska idan an zo juyi.

Asabar, 13 ga Satumba

Alhamdu lillahi. Yau na ci abin da nake nema.

Banila na sa, ta kwanso. Ruwan banila na kwalba yawanci da barasa ake jiƙa shi, dokar Amurka ma ta ce sai ta kai kashi 35 kafin a ba shi sunan, don haka na tsaga kwanso ɗaya a tsaye, na kankare baƙaƙen 'ya'yan da bayan wuƙa, na jefa su da ɓawon cikin madara mai zafi, na rufe rabin awa. Da na ga abin da kwanso ɗaya ya ci mini sai da na ja numfashi, amma akwai dalili. Furen banila yini ɗaya yake buɗewa, kuma a Madagaska, inda aka fi noma ta, da hannu ake yi masa barbara, fure bayan fure. Dabarar ma wani yaro bawa ɗan shekara 12, Edmond Albius, ya gano ta a tsibirin Réunion a 1841. Na wanke ɓawon na shanya, zai shiga tulun sukari, ba zan yar ba.

Haɗi ya kwana, digiri 4 cif. Kwano na girgiza shi a kunne, ba motsin ruwa. Minti 22 inji ya fara nishi, kastad ya taru a jikin fiffiken yana naɗewa. Na kashe, muka ci a tsaye, daga kwanon. Nauyi gare shi a cokali, santsi kamar alharini, yana narkewa a hankali yana barin maiƙo a ganɗa. 'Yata ta ce, "Umma, wannan ai ya fi askirim cika baki." Gaskiya ta faɗa, kuma iska ce dalili.

Na auna iskar. Kofi ɗaya na haɗi kafin juyi giram 270. Kofin nan dai, cike da daskararre, giram 215. Bambancin 55 ne, a raba da 215, ya ba da kusan kashi 26. Askirim ɗin kamfani yana iya kaiwa kashi 100, wato rabin robar iska ce mutum ya saya. Kastad na gaske yana zama tsakanin 15 da 30. Ashe injina mai jan ƙafa, wanda nake rainawa, shi ya dace da wannan aikin.

Lahadi, 14 ga Satumba

Ragowar jiya ya zama dutse. Na lanƙwasa cokali ɗaya.

Na daɗe ina kallon robar ina tunani. 'Yan'uwan nan biyu, Archie da Elton Kohr, da suka fara sayar da shi a Coney Island ta New York a 1919, daga inji suke zubawa su miƙa wa mai saye. Bayan babban baje kolin Shikago na 1933 abin ya bazu a jihohin tsakiyar ƙasar Amurka, har birnin Milwaukee ya zama gidansa, inda shaguna irin su Gilles na 1938 da Leon's na 1942 da Kopp's na 1950 suke har yanzu. Duk tsarinsu ɗaya: inji yana zubo da shi sabo, a sayar a ranar, a sanyin da bai wuce digiri 8 ƙasa da sifili ba. Firizata kuma tana kan 18 ƙasa da sifili. Abu mai ƙarancin iska in ya sauka can dole ya ƙame.

Hanya biyu ke nan: ko in riƙa yin wanda za a cinye a zama ɗaya, ko in gyara haɗin ya jure firiza. Zan gwada ta biyun, amma zuciyata tana gaya mini ta farkon ce gaskiya. Yau dai na bar shi minti 20 a firji, ya sake, an ci. Bai kai na jiya ba.

Alhamis, 18 ga Satumba

Kwana uku ina gwajin gwaiduwa, tunda kwano ɗaya gare ni kuma sai ya yi awa 24 kafin ya sake aiki. Rabin haɗi kowace rana: na gwaiduwa 2 a kilo, na 4, na 6. Yau na fito da su tare, na bar su suka sake, na sa a kofuna uku ban gaya wa kowa wanne ne wanne ba.

Na 2 ya yi saurin narkewa, ya fi sanyi a haƙori, kamar askirim mai kyau dai. Na 6 ya fi kowa santsi amma ya danne banilar, kuma bayan cokali biyar sai ya gundure ka. Maigida da 'yata duka na 4 suka nuna. Ni na so na 6, an rinjaye ni. A gwaiduwa akwai wani sinadari, lesitin, mai sasanta maiƙo da ruwa su zauna tare, furotin ɗinta kuma in ya dahu yana ɗaure ruwa. Huɗu ta isa wannan aikin, ragowar ɗanɗanon ƙwai ne kawai. (Gwajin bai cika adalci ba, na 2 ya fi daɗewa a firiza. Na sani.)

Asabar, 20 ga Satumba

Sabon haɗi, wanda nake fatan zama a kansa: kirim 350, madara 430, sukari 120, garin gulukos 30, garin madara marar maiƙo 30, gwaiduwa 4, gishiri giram 2.

Gulukos ya fi sukari hana daskarewa kusan ninki biyu, zaƙinsa kuma bai kai nasa ba, don haka ana samun laushi ba tare da abin ya zama alewa ba. Garin madara yana shan ruwan da zai zama ƙanƙara. Ban wuce 30 ba, don in ya yi yawa sukarin madara yana fitowa kamar yashi bayan 'yan kwanaki.

Litinin, 22 ga Satumba

Bayan kwana biyu a firiza cokali ya shiga, da ɗan ƙarfi. An samu ci gaba. Na koma roba mai faɗi marar zurfi, da takardar gashi a manne a samansa. Farin ƙwai ya taru, na daskarar da shi biyu-biyu.

Juma'a, 26 ga Satumba

Na shiga ɗanɗano, na fara da abin da na ɗauka ya fi sauƙi, ya kuwa kayar da ni. Sitiroberi giram 300. Rabi na markaɗa ɗanye na juye a haɗi, rabi na yayyanka na zuba a minti na ƙarshe. A ido ba a magana, ja-ja gwanin sha'awa. A baki kuwa, yankakkun sun zama tsakuwa, 'yata ta dafe kunci ta ce haƙorinta ya amsa. Jikin kastad ɗin ma ya koma tsaki-tsaki irin na ranar 10 ga wata, ɗanɗanon kuma salam, ba sitiroberi ba, ba banila ba.

Sai da na koma kan sikeli na gane. Sitiroberi kusan kashi 90 ruwa ne. Wato mako biyu na yi ina korar ruwa daga haɗin nan da gwaiduwa da garin madara, yau kuma na buɗe masa ƙofa da hannuna, na zuba fiye da kofi guda. Ga shi sanyi yana dakushe harshe. Abin da ya yi daidai a cokali yana ɗumi, in ya daskare sai ya zama kamar an wanke shi. Haɗi sai ya ɗan wuce gona da iri kafin ya shiga inji.

Lahadi, 28 ga Satumba

Na rama. Sitiroberi giram 400, na barbaɗa sukari 60 da ɗigon lemon tsami, na ɗora a wuta ƙasa-ƙasa har ya koma rabi, ya yi kauri yana sheƙi. Na rage sukarin haɗi da giram 40, madara da 100. Sai da kowanne ya yi sanyi sosai na haɗa su, don tsami da madara mai zafi ba sa shiri. Na ajiye cokali huɗu na yi masa zane a roba, shimfiɗa bisa shimfiɗa. Wanda ya dahu da sukari ba ya ƙamewa, yana nan da danƙonsa. An cinye a zama ɗaya.

Talata, 30 ga Satumba

Citta. Wannan ban gan ta tafe ba sam.

Na goga ɗanyar citta, kamar cokali biyu, na zuba a madara tana ɗumi, wajen digiri 60, na rufe don ta jiƙa yadda na yi wa banila. Bayan minti 15 na buɗe, madara ta kama, ta yi wani lallausan daskare tana rawa a tukunya, ina taɓawa ta rabu, ruwa gefe gudaji gefe. Ko ƙwai ban fasa ba tukuna. Na fara zargin madarar, na shinshina robar, lafiyarta lau.

Laifin cittar ne. Ɗanyarta tana da wani sinadari mai yanka furotin ɗin madara, kuma a daidai wannan ɗumin ya fi ƙarfi. A kudancin Sin da gangan suke yin haka, su zuba madara mai zafi a kan ruwan citta ta kama, su sha da cokali. Ni ce na yi nasu ban sani ba. Ɗanyar abarba da gwanda da kiwi su ma suna da irin wannan halin, har ɗaci suke sa wa madara. Maganin tafasa ne: zafi yana kashe sinadarin. Na sake yanka wata, na tafasa ta minti biyar a ruwa kaɗan da sukari, sannan ta shiga madara. Ba abin da ya faru sai ƙamshi. Sa'ar da na yi, kirim bai shiga tukunyar farko ba, madara giram 430 kawai ta tafi.

Laraba, 1 ga Oktoba

Na juya na cittar. Yaji yana zuwa daga baya, bayan sanyi ya wuce. Maigida ya ce shi ne gwaninsa zuwa yanzu.

Asabar, 4 ga Oktoba

Cakulan, karo biyu a makon nan. Ranar Alhamis na narkar da baƙin cakulan giram 150 a haɗi ban rage komai ba. Daga inji ya yi daɗi, washegari ya fi na 14 ga Satumba tauri, yana ɓarewa kamar sabulu. Man koko ko a ɗaki a daskare yake, balle a firiza. Sitiroberi ruwa ta kawo, cakulan maiƙo mai tauri ya kawo.

Yau na raba aikin: garin koko giram 40, cakulan 60, kirim na rage shi zuwa 280, na mayar da madara a gurbinsa, na ƙara gulukos 15. Garin koko shi ne abin da ya rage bayan an matse mafi yawan man, dabarar da gidan Van Houten na Amsterdam ya yi wa rajista a 1828, don haka yana ba da ɗanɗano ba tare da taurin ba. Sai dai a dama shi a madara mai zafi ya ɗan tafasa kafin ƙwai ya shiga, in ba haka ba gari-gari zai yi a harshe. Na ƙara gishiri zuwa giram 3, ɗacin ya kwanta.

Talata, 7 ga Oktoba

Ƙonannen sukari da gishiri. Na narkar da sukarin haɗin gaba ɗaya a busasshiyar tukunya har ya yi ja kamar zuma mai duhu, yana ɗan hayaƙi, sama da digiri 170. Na juye kirim mai sanyi a kai. Ya taso mini kamar zai fito, tururi ya lashi bayan hannuna, sukarin kuma ya dunƙule ya zama gilashi a gindi. Minti goma ina juyawa kafin ya narke. Kirim ɗin ya kamata in ɗumama, in kuma zuba kaɗan-kaɗan da dogon ludayi. Hannun ya yi ja, bai tashi ba.

Da na ɗanɗana na ji zaƙi ya ragu, ƙonawa tana cinye shi, sai na ƙara sukari giram 50. Nan na yi kuskure.

Laraba, 8 ga Oktoba

Ya ƙi kamawa. Minti 35 a inji, yana nan lagwab. Kwana a firiza ma bai sa ya tsaya a cokali ba. Zaƙin ne ya ragu a harshe, amma ƙarfin hana daskarewa yana nan, na kuma ɗora masa 50 da gulukos 30. Ɗanɗano dai babu na biyunsa. Mun sha shi a kofi. Wani karon gulukos zai fita.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Gahawa: 'ya'ya giram 50, na ɗan farfasa, suka kwana a madara mai sanyi cikin firji, na tace. Ƙamshi sosai, ba ɗaci, launi kamar ƙasa-ƙasa mai haske. Irin wannan ɗanɗanon da ake jiƙawa a tace, kamar banila da kirfa da ganyen na'ana'a, shi ne mai sauƙin hali, ba ya taɓa lissafi. Sai dai 'ya'yan sun sha madara giram 40, na cika.

Asabar, 11 ga Oktoba

A birnin St. Louis na Amurka akwai shagon Ted Drewes, wanda tun 1959 yake sayar da kastad mai kauri da aka cakuɗa da kayan ɗanɗano, suna kiransa kankare, kuma a kife ake miƙa wa mutum kofin don ya ga ba ya zubowa. Na ba 'yata labari, ta ce sai mun gwada.

Na soya gyaɗa sama-sama har ta yi gardi, na daddaka, na farfasa biskit, na sa su duka a firiza tun safe don kada su narkar da kastad ɗin. Na narkar da cakulan giram 50 da cokali ɗaya na mai, na tsiyaya siriri a minti na ƙarshe inji yana juyi, ya farfashe ya zama ɓarɓashi. Man ne ke sa ya narke a baki, ba ya tsaya kamar kakin kyandir. Na cika kofi, na soka cokali, na kifa. Ya tsaya. Na ƙirga ɗaya, biyu, uku, 'yata tana tafi. Ta ce, "Umma, ƙara kaɗan in kira Abba ya gani." Kafin ya iso ƙofar kicin rabin kofin yana kan tayil, cokali a tsaye a cikinsa. Abin da ya gani ke nan.

Biskit ya jiƙe zuwa dare. Gyaɗa ta riƙe ƙarfinta.

Asabar, 18 ga Oktoba

Mai inji ta zo da yaranta, mu tara ke nan, kwano kuma ɗaya. Na dafa haɗi biyu tun jiya, banila da citta. Banila ta shiga inji. Na cittar kuwa na koma tsohuwar hanya: ƙaramar tukunyar ƙarfe cikin babban bokiti, ƙanƙara da gishiri a tsakani, kofi ɗaya na gishiri ga kofi huɗu na ƙanƙara. Gishiri yana iya saukar da ƙanƙara har digiri 21 ƙasa da sifili, nawa ya kai 13. A kan wannan dabarar Nancy Johnson ta Philadelphia ta gina injinta na juyawa da hannu a 1843. Ni ba ni da mariƙi, yara na sa suna karɓa-karɓa da cokalin katako, ina kankare bango. Minti 45. Bai kai na inji santsi ba, kuma ruwan gishiri ya ɗan fantsama a gefe ɗaya, na kwashe wurin na yar.

Ba wanda ya shiga firiza. Daga inji zuwa kofi, daga tukunya zuwa kofi. Ƙanwata ta cinye nata, ta leƙa kwano, ta ce, "Yaya, injin nan fa aro na ba ki." Na ce ta zo da takardar shaida.

Lissafin mako shida, har da rabi-rabin gwajin gwaiduwa: juyi 16, ban da wasu biyu da suka tafi shara tun kafin su ga inji, ƙwai sama da 60, kirim ya haura kilo biyar, kwanson banila 3, cokali ɗaya a lanƙwashe. Kirim shi ya ci fiye da rabin kuɗin. Firiza cike take da farin ƙwai, sai na nemo masa aiki.

Na daina yin kilo guda don ajiya. Rabin haɗi, a dafa da dare, a juya bayan abincin rana, a cinye. Abin da ya rage a gaba: kwano na biyu, in an samu daidai da injin. Ƙonannen sukari ba gulukos. Sai lemon tsami, wanda nake jin tsoro: ɓawon zan goga a jiƙa a madara, ruwan kuma in dafa shi daban da sukari, su haɗu da sanyinsu kamar yadda na yi wa sitiroberi. Ranar Talata zan fara da kwata, don in ya tsinke gwaiduwa ɗaya kawai ta tafi.